Baƙin Kifi a Tafkin Tudun Bunu

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, wani mutum a wani ofis ya gano cewa talakawan ƙasar Kazaure ba sa cin nama yadda ya kamata. Ba a tambaye su ba. Da an tambaye su, da sun ce sun daɗe da sanin haka, har dalili ma sun sani. Amma bincike ya riga ya kammala, magani kuma ya riga ya taso a bayan wata babbar mota, cikin duro-duro na ƙarfe cike da ruwa.

Motar ta tsaya a Tudun Bunu, wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa. Da kaka ne, tafkin garin ya cika taf, bado ya rufe rabinsa da fararen furanni. Baƙon da ya gan shi a wannan lokaci zai ɗauka kogi ne ya gaji ya zauna.

Mai Gari Falalu ya aika a kirawo Sarkin Ruwa.

Sarkin Ruwan Tudun Bunu sunansa Na'Allah. Rawanin na ubansa ne, uban ma na nasa uban ya gada. Aikin sarautar ba shi da yawa, amma kowa ya san shi. Idan damina ta ɗauke, Na'Allah zai shiga tafki ya kafa wata doguwar sanda mai ƙyalle a kai, daga ranar babu mai jefa ƙugiya. Idan bazara ta yi tsanani ruwa ya koma iya gwiwa, sai ya sa rana, mutanen gari da na ƙauyukan kewaye su taru da koma da ƙwarya, shi kuma ya shiga ya tuge sandar. Ranar ake su, wato kamun kifi na gayya. A kwashe tarwaɗa da karfasa, mata su biyo baya su tone saiwar bado, a bar wa rana sauran aikin. Tafkin ya bushe ya tsattsage kamar diddigen manomi. Damina ta dawo, ruwa ya dawo, kifi ya dawo. Babu wanda ya taɓa jin buƙatar tambayar yadda aka yi.

Na'Allah ya iske jama'a a bakin tafki sun kewaye wani dogon Bature mai gajeren wando, wuyansa ya yi ja kamar an shafa masa manja. Kusa da shi akwai tafintansa, Malam Sama'ilu, ma'aikacin En'e, hukumar Sarki, daga Kazaure. Baturen ya tsoma hannu a duro ya ɗago kifi ɗaya da hannu biyu, kamar mai nuna jariri ranar suna.

Kifin bai yi kama da kowa ba. Faɗinsa ya fi na karfasa, bayansa a tashe, ɓawon jikinsa manya-manya masu launin tsohuwar tagulla. Bakinsa ƙarami ne, yana kallon ƙasa, da ɗan gajeren gashi bibbiyu a kowane gefe, irin na wanda ya fara tara gemu ya fasa.

"Ya ce a harshensu ana kiransa 'kaf'," in ji Malam Sama'ilu. "Daga ƙasashensu aka kawo kakanninsa. Ya ce ba ya faɗa, ba ya zaɓen abinci, kuma ba ya yawo."

"Madalla," in ji Mai Gari. "Da mutum ne da mun ba shi gona."

Bature ya ci gaba da magana, Malam Sama'ilu yana biye. Kifin yana son ruwa mai ɗumi wanda ba ya gudu. A ƙasan ruwa yake kiwo: ya tsotsi laka, ya tace tsutsa da ƙananan ƙwari da dodon koɗi da 'ya'yan ciyawa, ya furzar da sauran. Idan an ƙara masa da dusa zai kai girman cinyar ƙato. Ba shi da haƙori a baki, haƙoransa a maƙogwaro suke.

"A maƙogwaro?" in ji Na'Allah.

"Haka ya ce."

"Ko ka sake tambayarsa, Malam."

"Sarkin Ruwa, ni Turanci na karanta, ban karanta kifi ba."

Daga nan Bature ya yi tambaya ɗaya tak. Yana son ya sani ko kifi yana zama a tafkin nan shekara da shekara. Mai Gari ya gyara zaman rawaninsa.

"Gaya masa tun zamanin kakanninmu ba a taɓa yin shekarar da tafkin nan ya rasa kifi ba."

Gaskiya ce tsantsa. Bature bai tambayi ruwa ba, tunda ga ruwa a gabansa, kuma a ƙasarsu tafki ba ya zuwa ko'ina. Mai Gari ma bai ga dalilin gaya wa babban mutum cewa ruwa yana bushewa da rani ba, kamar yadda ba ka gaya wa baƙo cewa rana za ta faɗi. Kowa ya gamsu. Aka karkata duro-duro, baƙi suka sulale cikin tafki.

Kafin motar ta tashi aka bar doka. Babu su har bazara biyu, don baƙin su yi girma su hayayyafa. Kada a cire ko ɗaya daga tafki. A riƙa ba su dusa kowace safiya. Bature zai dawo ya duba.

Bayan an watse Mai Gari ya ja Na'Allah gefe.

"Hakimi ya aiko. Ya ce kifin nan amana ne. In suka mutu, rawani zai faɗi."

"Rawanin wa, ranka ya daɗe?"

"Bai faɗa ba. Amma ni na san da wanda za a fara."

Washegari Na'Allah ya tsaya a bakin madafa yana kallon ƙwaryar dusar matarsa Batulu.

"Dusar awakina ce za a kai wa kifi?" in ji Batulu.

"Umarnin gwamnati ne."

"Gwamnati ce ta surfa?"

"Baƙi ne, Batulu. Ba a barin baƙo da yunwa."

"Wane irin baƙo ne wannan, Malam, da aka ce zai shekara biyu tun bai zauna ba? Ɗauki. In akuya ta ƙi ba da nono, sai ka je ka tatso kifin."

Haka Na'Allah, wanda kakanninsa ba su taɓa ba kifi komai ba sai ƙugiya, ya zama mai kai masa kalaci. Yakan watsa dusar ya tsuguna yana kallo. Baƙin ba sa zuwa da hanzari irin na tarwaɗa. Su jira dusar ta nutse, sannan su bi ta. Inda ruwa ba shi da zurfi yana hango su, kai ƙasa wutsiya sama, suna miƙo baki kamar bakin buta, suna cusa shi cikin laka. Laka ta tashi, kumfa ta biyo baya, su matsa gaba su sake. Ko dusa ta ƙare ba sa dainawa. Tun safe har yamma tono suke. Ba a yi wata ba garin ya manta sunan da Bature ya faɗa, kowa Tonau yake cewa.

Kafin sanyi ya wuce ruwan tafki ya koma launin kunun kanwa. Bado ya fara tasowa da saiwarsa yana yawo a kan ruwa kamar an yi masa noma. Mata suka daina wanki a wurin, domin farin zane ya shiga, ya fito kamar an binne shi an tono. Duk ƙorafin ta hannun Batulu yake isowa gida.

"Matan gari sun ce a tambaye ka, me baƙinka suka yar a tafkin nan da suke ta nema?"

"Bature ya ce abinci suke nema."

"To dusar fa?"

Shi ma tambayar ta dame shi. Bai taɓa ganin wanda aka kai wa abinci har ɗaki ba, ya ci, sannan ya koma yana haƙa tsakar ɗakin.

Da zafi ya fara shigowa, wata safiya ya iske baƙin sun taru a gefen tafki inda sauran ciyawa take, suna bin juna, suna dukan ruwa da wutsiya har ana ji daga masallaci. Bature ya ce ba sa faɗa, ga shi kuma suna yi. Na'Allah ya naɗe wando ya shiga da sanda ya raba su. Suka koma wani gefen suka ci gaba, ya bi su ya sake rabawa. Da ya ga ciyawar ce suke rububi a kai, sai ya sa aka tuge ta aka zubar a tudu, don a zauna lafiya. A wannan ciyawa kifin yake liƙa ƙwansa, abin da ya gani kuma ba faɗa ba ne. Amma tafinta bai kai ga wannan babi ba, ko kuma ya kai ya ji kunyar fassara shi a gaban dattawa.

Bazara ta zo. Ruwa ya koma iya gwiwa. Mutanen ƙauyukan kewaye, waɗanda ba sa jiran a gayyace su tunda idonsu ya san lokaci, suka iso da koma a kafaɗa. Na'Allah ya tare su a bakin tafki ya ce bana babu.

"Ashe gaskiya ne," in ji wani tsoho daga wajen Gwiwa. "An ce Sarkin Ruwan Tudun Bunu ya koma kiwo. Yaushe za ka kai su mashekari?"

Aka yi dariya, aka juya. Sandar tana tsaye a tsakiyar tafki, ƙyallenta ya koɗe. Tun da aka kafa garin ba ta taɓa kai wannan lokaci a tsaye ba.

Ruwa kuwa bai ji dokar Bature ba, ya ci gaba da ja. Tarwaɗa, da ta san halin wurin, ta fara ficewa da sanyin asuba tana jan ciki zuwa inda ta sani. Baƙin suka rage a wata 'yar kwatar ruwa mai kauri. Da safe sai su taso sama gaba ɗaya, bakuna a buɗe zagaye-zagaye, suna buɗewa suna rufewa, kamar masu ƙara da aka hana su tafinta.

Na'Allah ya tafi zauren Mai Gari. Ya yi sa'a Malam Sama'ilu ya biyo ta garin a kan kekensa, yana zaune yana shan fura.

"Ranka ya daɗe, ruwa zai ƙare."

"Kullum yana ƙarewa," in ji Mai Gari.

"Da baƙin a ciki."

Mai Gari ya dubi tafinta. Tafinta ya dubi ludayi.

"Bature ya tafi hutu ƙasarsu," in ji Malam Sama'ilu. "Sai bayan damina."

"A zuba su a rijiya mana," in ji Na'Allah.

"An ce kada a cire ko ɗaya daga tafki," in ji Mai Gari. "Rijiya tafki ce?"

"To a aika wa Hakimi."

"A ce masa me? A ce tafkin da ya zaɓa da kansa yana bushewa? Kai za ka je ka faɗa?"

Na'Allah bai ce zai je ba.

"Malam Sama'ilu," in ji Mai Gari, "kai ka ji maganar daga bakinsa. Me ya ce game da rani?"

"Bai ambaci rani ba, ranka ya daɗe. Ya dai ce kifi ne mai juriya. Ya ce yana son laka. Wannan kam ya nanata."

Mai Gari ya shafa gemu.

"Sarkin Ruwa, wane kifi ka sani mai son laka, mai juriya?"

"Gaiwa."

"Ina take zuwa da rani?"

"Ƙasa."

"Baƙin nan tun zuwansu me suke yi?"

Na'Allah ya ɗago kai a hankali. "Tono."

Duk ɗan Tudun Bunu ya san gaiwa. Idan ruwa ya kusa ƙarewa takan haƙa rami a laka, ta naɗe wutsiya a kan kai, ta lulluɓe jikinta da wani yauƙi da yake bushewa ya zama jaka, ta bar 'yar kafa har sama don iska, ta yi barci sai ruwan sama ya tashe ta. An sha haƙo ta cikin ƙasar gini. Yau ɗan makaranta zai gaya maka gaiwa huhu gare ta kamar akuya, baƙin Bature kuwa sai cikin ruwa suke iya numfashi. A lokacin ɗan makaranta ɗaya ne a zauren, kuma fura yake sha.

"Ka ga hikimar Bature," in ji Mai Gari. "Shi ya sa bai tambayi ruwa ba. Ya san kifinsa. Wata da watanni suna gyara ɗakin kwana, mu muna zarginsu da ɓarna."

"Ni ma na so in faɗi haka," in ji Malam Sama'ilu.

Na'Allah ya koma gida da sauƙi a ransa. Ya jira baƙin su shige ƙasa. Ba su shige ba. Ruwa ya koma iya idon sawu, bayansu ya fito waje, wasu suka fara kwanciya a gefe guda. Shirwa ta fara zagaye. Ya koma wurin Mai Gari.

"Sun ƙi shiga, ranka ya daɗe."

"Ƙasar ba tasu ba ce. Kai in aka kai ka Ingila, za ka san inda ake kwana? Baƙo sai an nuna masa ɗaki."

Maganar ta yi ma'ana, ko kuma babu wata maganar. Washegari da sassafe Na'Allah ya tara magidanta da fartanya. Da yake shi mutum ne mai son yin abu daidai, sai ya fara haƙo gaiwa ɗaya daga busasshen gefe, aka fasa hogen ƙasar da take ciki a hankali, kowa ya leƙa ya ga yadda take kwance. Aka mayar da ita aka rufe. Sannan aka shiga aiki.

Nan da nan aka ci karo da matsala. Tonau ba ya naɗuwa. Gaiwa doguwa ce kamar igiya, shi kuwa faffaɗa ne kamar faifai. Aka yi ta musu ko a tsaye za a sa shi ko a kwance. Ƙanin Na'Allah, Lauwali, ya ce tunda kullum kai ƙasa yake, a sa shi kai ƙasa. Wani ya ce ai gaiwa bakinta sama yake kallo. A ƙarshe aka raba, wasu haka wasu haka, don kada a yi kuskure gaba ɗaya. Kowane kifi aka haƙa masa rami a danyar laka, aka kwantar, aka soka karan kyauro mai rami kusa da bakinsa don iska, aka rufe. Ba a cire ko ɗaya daga tafki ba. Kafin azahar tsakiyar tafkin ya koma kamar gonar da aka shuka wa tsinke.

Na ƙarshe Na'Allah ne ya kwantar da shi da hannunsa. Kifin ya daina motsi tun kafin a rufe shi. Na'Allah ya tsaya yana kallon idonsa.

"Ya yi barci ke nan?" in ji Lauwali.

"Ina zan sani? Ba ya rufe ido."

Bayan 'yan kwanaki wari ya tashi. Ungulu suka sauka a kan tsamiyar bakin tafki suka zauna kamar an kira su taro. Na'Allah ya kewaye wurin da ƙaya saboda karnuka, ya je ya gaya wa Mai Gari.

"Ka taɓa shinshina gaiwa tana barci?" in ji Mai Gari.

"A'a."

"To."

Tunda baƙi sun kwanta, aka daina kai dusa. Batulu ta ce awakinta sun gode da hutun.

Damina ta sauka. Ruwa ya gangaro daga duwatsu ya cika tafki, karan kyauron suka nutse. Gaiwa ta farka. Tarwaɗa ta biyo ƙorama ta dawo da 'ya'ya. Na'Allah ya koma ɗaukar ƙwarya kowace safiya, ya watsa dusa ya tsuguna. Tarwaɗa ce take tasowa ta wawashe tun kafin ta nutse. Ya ce wa kansa baƙo yakan makara. Ruwa ya kwanta ya yi garau, har ana ganin ƙasa. Bado ya sake tohowa, babu mai tuge shi. Matan gari suka dawo wanki, suna gaishe shi da fara'ar da ba ya so.

Wata rana ya tuɓe riga ya shiga, ya lalubi kyauro ɗaya da ƙafa, ya nutsa ya tona da hannu. Abin da ya fito da shi ƙaya ne da ɓawo, da wani ɗan lanƙwasasshen ƙashi mai jerin haƙora faffaɗa kamar turamen bakin tsoho. Ya daɗe yana juya shi a tafin hannu. Ashe maganar maƙogwaro gaskiya ce. Wannan ya ƙara rikita shi, domin in Bature bai yi ƙarya a wannan ba, a ina aka kuskure? Ya naɗe su a ganye ya kai zaure.

Mai Gari bai bari ya kwance ganyen ba.

"Nawa ka tono?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe."

"Na kai ƙasa ko na kai sama?"

"Ban lura ba."

"Ka ga ni? Ɗaya ya rasu, Allah ya ba mu haƙuri. Ko a cikin mutane akwai mai kwanciya bai tashi ba. Sauran suna barci. Kada ka ƙara tashin kowa."

Kaka ta zo, Bature bai zo ba. Aka ji an mayar da shi can wajen bakin teku, wanda ya maye gurbinsa kuma gyaɗa ce ta dame shi. Malam Sama'ilu ya daina biyowa ta garin. Doka dai tana nan, domin wanda ya kafa ta ne kaɗai zai cire ta, kuma babu mai iya neman a cire ta ba tare da ya ce baƙin sun mutu ba. Na'Allah ya ci gaba da kai dusa. In ya daina, ya faɗi abin da ba a faɗa.

Bazara ta biyu ta zo. Ruwa ya koma iya gwiwa, kuma a bana tafkin tafasa yake da tarwaɗa. Shekara biyu babu mai taɓa ta, ga dusa kullum, ta yi ƙiba har tana nauyin juyawa. Gero ya yi ƙasa a rumbuna. Mutane suka fara taruwa a bakin tafki da safe, koma a hannu. Kullum sai sun ƙaru. Na ƙauyuka ma suka dawo. Babu wanda ya taka ruwa, domin sandar tana tsaye, kuma a Tudun Bunu ko ɓarawo ba ya tsallake ta.

Na'Allah ya aika wa Mai Gari. Aka ce yana fama da ciwon kai, ba ya ganin kowa.

"In na tuge, za a ga babu Tonau," ya ce wa Batulu. "Kafin ranar kasuwa Hakimi ya ji."

"In ba ka tuge ba fa?"

"Rawani yana nan."

"Na sarautar me, Malam? Sarkin Ruwan da ba ya buɗe ruwa, sai a ce Sarkin Dusa."

Ya ɗaura rawanin a hankali, ya fita. Ya ratsa jama'a, ya naɗe wando ya shiga. Har ya kai tsakiya bai san abin da zai yi ba. Ya kama sandar ne don ya huta, tarwaɗa tana dukan ƙafafunsa, ya waiwaya ya ga idon gari duka a kansa. Gindin sandar ya riga ya ruɓe. Ya ja, ta biyo hannunsa.

Ba a taɓa yin su irin na wannan shekara ba. Har jakuna aka ɗora wa kifi. Aka tace tafkin daga wannan gaɓa zuwa waccan, babu Tonau ko ɗaya. Tsohon nan na wajen Gwiwa ya tsaya gaban Na'Allah da tarwaɗa a kafaɗa.

"Ina garken naka, Sarki?"

"Suna barci."

"Allah ya tashe su lafiya."

Ciwon kan Mai Gari ya warke da yamma. Washegari ya tara dattawa a ƙofar gidansa, ya yi jawabi a kan amana, ya ce ba zai je gaban Hakimi hannu rabbana ba, gara ya isa ya riga ya hukunta. Aka warware rawanin daga kan Na'Allah a gaban jama'a, aka naɗa wa Lauwali, wanda ya yi ta cewa shi bai nema ba yana sunkuyar da kai don a ji daɗin naɗawa. Mai Gari ya hau doki ya tafi, da buhun busasshiyar tarwaɗa a bayan sirdi.

Da ya dawo, bai kira kowa ba. Na'Allah ne ya je da kansa, da hula, ya zauna a bakin zaure inda talakawa suke zama.

"Ranka ya daɗe, me Hakimi ya ce?"

"Ya yaba tarwaɗar."

"Baƙin fa?"

Mai Gari ya dubi ƙofa.

"Na fara yi masa bayani. Ya ce wane kifi. Na ce na Bature. Ya ce wane Bature. Magatakardansa ne ya tuna, ya ce ai an daina wannan aikin tun bara. Yanzu itatuwa ake so a dasa."

"To rawanina?"

"An riga an naɗa wa Lauwali a gaban mutane. In na warware, sai a ce Mai Gari bai san abin da yake yi ba."

Na'Allah ya gyaɗa kai. Ya yi kamar zai tashi, ya koma ya zauna.

"Ranka ya daɗe, don in sani ne kawai. In yarana suka tambaye ni. Don sun mutu aka cire ni, ko don na tuge sanda?"

"Sandar ai aikinka ce."

"To don sun mutu."

"Wa ya ce sun mutu?"

Can Mai Gari ya tura masa ƙwaryar goro.

"Ni ma tun a hanya nake ta tunanin abin," in ji shi. "In ka riga ni ganewa, ka zo ka gaya mini."